Mai Hanci da Motar Malam

Hoton yana nan a falonsa har yau. Ranar da babbar 'yarsa ta gama karatun jinya aka ɗauka. Kowa fes, shi kuma yana tsakiya cikin sabon ɗinki, da baƙin tabo a tsinin hanci kamar an ɗiga masa tawada. A hanyar zuwa ya ga wata mota ta mace a bakin titi, zuciyarsa ta ƙi wucewa, ya kwance fulogi ya shinshina. Tun ranar ake ce masa Mai Hanci.

Bakanike ne, ya haura shekara talatin a rumfa ɗaya. Da can kallo ɗaya yake wa fulogi ya faɗi ciwon inji. Yanzu ido ya yi rauni, tabarau kuma ba ya shiri da gumi da baƙin mai, sai ya koma ga hanci da yatsa. Sababbin motoci sun tafi wajen masu kwamfuta. Tsofaffin ne suka rage masa, kuma shi da su duk sai an lallaɓa suke tashi da safe.

Wata Laraba Malam, tsohon shugaban makarantar unguwarmu, ya iso da motarsa tana tari tana karkarwa. Ɗansa na biye, fuska a ɗaure. Gareji biyu sun ce ringin cikin inji ya cinye, baƙin mai na hawa kan fulogi, sai an sauke inji. Ɗan ya riga ya yi magana da masu sayen ƙarafa, ranar Asabar za su zo su ja ta. Motar da Malam ya koya wa marigayiya matarsa tuƙi a cikinta.

Mai Hanci ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya kwance fulogi huɗun ya jera a kan tsumma, duk baƙi ƙirin. Ya murza ɗaya da yatsa, ya kai hanci.

"Baba, wancan garejin da na'ura suka duba," in ji ɗan Malam.

"To, tawa na'urar a fuska take. Taɓa nan. Ka ji danƙo?"

"A'a. Kamar gari."

"Da baƙin mai ne, da ya jiƙe yana maiƙo. Wannan kunkunniya ce busasshiya, warin fetur take. Malam, yaya kake tashinta da safe?"

Malam ya gyara tsayuwa, an zo fagensa. Kullum yakan ja cok, abin da ke ƙara wa inji fetur, ya bar ta tana ɗumi minti ashirin yana shafe mata ƙura. Sannan ya je ƙarshen layi da ita ya sayi jarida ya dawo. Ba ya taɓa wahalar da ita.

"Ai shi ne ciwon," in ji Mai Hanci a gajiye. "Ka shagwaɓa ta. Kullum ɗura, ba aiki."

Ya goge fulogin da burushin waya, ya kaɗe matatar iska, ya mayar da cok ciki. Ya sa ɗan ya hau babban titi da ita, ya taka sosai. Malam ya zauna a benci har suka ji ƙararta daga nesa, sumul, ba tari. Ɗan ya fito yana sosa ƙeya, ya koma gefe ya buga waya cewa an fasa Asabar.

Da yamma na tarar da Mai Hanci a ƙofar gida ya miƙe ƙafa, matarsa na miƙo masa ruwa.

"Dubi hancin nan kuma," ta ce. "Tsofai-tsofai da kai, sai ka ce wanda ya leƙa tukunya. In kira mai hoto?"

Bai ko goge ba.

"Ido ya ajiye aiki ko sallama bai yi min ba, gwiwa ma tana shirin bin sa. Hancin kaɗai ya rage yana zuwa kullum. Ki bar shi da rigar aikinsa."