Ranar da Yaya Ta Zama Ba-Gudu

A asibitin da babbar yayarmu take aiki, idan aka shigo da wanda mota ta buge, jini na zuba, sababbin ma'aikata na neman bangon jingina, ita ake ƙwala wa kira. Shekararta ashirin da biyu a ɗakin gaggawa. Gajeruwa ce mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. A can suna ce mata Sista Ba-Gudu, kuma sun ɗauka a wurin aiki ta samo sunan. Ina! A falonmu ta samo shi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma ni na raɗa mata.

Wata Asabar ce da yamma. Baba ya fita da bas ɗinsa, Mama ta leƙa maƙwabta, aka bar mu mu huɗu: Yaya, ni, ƙanena Dogo, da Auta. Talabijin ɗinmu irin ta da ce mai ƙatuwar ƙeya, sai an mare ta a gefe hoto yake tsayawa. Muna jiran wasan yara sai tashar ta saka wani fim da ta shirya da kanta. Wani mutum ya tare da iyalinsa a gidan haya. Famfon banɗaki yana ɗiga. Can sai aka ji ƙwanƙwasa daga cikin tankin ruwan da ke saman rufi, a hankali, sau uku.

Iyakar abin da na gani da idona ke nan. Kafin ta huɗu mu uku mun dunƙule a bayan doguwar kujera. Kashe akwatin kuwa sai an je gabansa an murɗa, to wa zai je? Yaya kaɗai ta rage a tsakiyar ɗaki, zaune ƙyam, ta ba mu baya.

"Yaya, me ya faru?" in ji Dogo.

"Yatsa ya fito ta bakin famfo," ta ce, muryarta ko rawa babu. "Ba shi da farce."

"Sai kuma me?"

"Yana shafa sabulu, yana neman hannun da ya taɓa shi. Ga na biyu ya fito."

Haka ta yi ta ba mu labari yatsa bayan yatsa, har hannu ya cika, ya ja matar gidan ta cikin bututu kamar zare. Sai da Mama ta dawo ta kashe akwatin muka fito, Auta ya jiƙa wando.

Shekara biyu ban buɗe famfo ni kaɗai ba. Amma fa mun yi suna a makaranta, don duk ajinmu babu wanda aka kalli fim ɗin har ƙarshe a gidansu sai mu. Daga ranar komai ya koma kan Yaya. Ita ke fitar da ɓera daga ɗakin girki, ita ke cire ƙaya, ita ta riƙe kan Dogo ranar da aka ɗinke masa goshi. Da ta ce aikin jinya za ta karanta, ko Baba bai ɗaga kai daga abincinsa ba. 'Ya'yanmu ma da labarin yatsan suka tashi, har suna rigima a kan ko na hannun dama ne ko na hagu.

Watan jiya Auta, wanda yanzu gyaran waya yake yi, ya kira ni yana haki. Wani ya zuba tsofaffin shirye-shiryen tashar a intanet, kuma fim ɗinmu yana ciki. Na bar wanki a baho na hau kiran dangi. Shekara talatin da biyar ina son ganin yatsan nan da idona! Muka sa ranar Asabar a gidan Mama. Yaya ta ce tana da aiki, ni kuwa na kira abokiyar aikinta na roƙe ta suka yi musanya, ina ta yaba wa kaina.

Falo ya cika, yara goma sha ɗaya a ƙasa, manya a kujeru. Dogo, ƙato mai gemu, ya rungume matashi wai bayansa ke ciwo. Yaya ta zauna kusa da ƙofa, jakarta a cinya. Auta ya haɗa waya da talabijin. Famfo ya ɗiga, tanki ya ƙwanƙwasa, na damƙe hannun mijina har ya ce in sake shi.

Muka jira yatsa. Minti goma, minti ashirin, famfo dai ruwa yake ɗigarwa. Daga ƙarshe mutumin nan mai haya ya hau rufi da tocila ya kama abin: tsohon maigadi ne sanye da buhu, yana dukan tanki da sifana don 'yan haya su gudu su bar masa wurin kiwon tantabarunsa. Yara suka kwanta da dariya.

"An yanke fim ɗin," in ji Dogo.

"Ba a yanke komai ba, Yaya Dogo," Auta ya ce.

Sai ƙaramar 'yar Dogo ta juya. "Gwaggo, ina yatsan?"

Yaya ta kalli jakarta. "Ban ga ko ɗaya ba," ta ce. "Tun ƙwanƙwasa ta biyu na runtse ido. Da zan iya tashi da na riga ku shiga bayan kujera, ƙafata ce ta ƙi. Kuna ta tambayata, me zan ce? Duk abin da kunnena ya ji sai in ƙera masa jiki. Ga sunanku nan, ku karɓa, dama aro ne."

Haushi ya kama ni, dariya kuma ta ci ƙarfina. "Yaya, saboda mai tantabaru na yi shekara biyu ina wanke hannu a bokiti?"

Ba ta yi dariya ba, kuma sai a lokacin na ga idonta ya cika. Kunya ta rufe ni, ni da na shirya taron.

"Ni ai na sani," in ji Mama daga kujerarta. "Ta taga na hango ki kafin in shigo. Idonki a rufe, hawaye har wuya, amma kina jan jiki kina matsawa gaban akwatin don ki tare wa ƙannenki hoton. Ba wanda zai karɓi sunan nan ina raye."

Ana cikin haka wayar Yaya ta yi ƙara: motoci biyu sun yi karo, ana neman hannu. Ta miƙe tana goge fuska, na bi ta har ƙofar gida da takalminta ɗaya a hannuna.

"Yaya, a can ma kina jin tsoro?"

"Kullum," ta ce, ta karɓi takalmin ta zura. "Sai dai a can ba a rufe ido."