Gulsara da Hotunan Auren Unguwarmu

A unguwarmu da ke birnin Osh, da wuya a sami auren da Gulsara ba ta hau kujera ta daka tsawa ba: "Ku matso! Ango, buɗe idonka!" Gajeriya ce, shi ya sa take hawa kujera. Tun tana budurwa take ɗaukar hoto, sai da gwiwa ta gaza sannan ta ajiye kyamara. Hotunan ta ba masu su, nagetif kuwa, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ta adana a gwangwanayen shayi.

Bara mijinta Toktosun, tsohon direban bas, ya sayo mata na'urar da ke kwafe nagetif zuwa kwamfuta. Saura manhajar da za ta juya su su zama hoto ta gyara launi, muka samo guda uku. Ni ce maƙwabciyarsu, kuma kwamfutar tawa ce, don haka a ɗakina aka yi musun wadda za a zaɓa.

Ta farko ita Toktosun ya so, domin dannawa ɗaya ta gama komai. Muka gwada ta da hoton auren Ainagul mai gurasa. Fuskar amarya ta fito sumul kamar ɓararren ƙwai.

"Kin gani? Har ta fi da kyau," in ji shi.

"Ina tawadar Allah ta haɓarta?" Gulsara ta ce. "Maigida, wannan 'yar tsana ce. Kai da ko fasinjojinka ba ka ganewa!"

Ta biyu ta mai da kowa kore, ango kamar mai ciwon ciki. Muka yi dariya har shayi ya sarƙe Toktosun. Ta uku ba ta yin komai da kanta, haske da duhu da launi duk sai ka ja da hannu. Gulsara ta ture ni ta zauna. Ta yi ta ja a hankali har mayafin amarya ya koma jan da ta tuna.

"Wannan tana jin magana," ta ce. "Da ita za mu zauna."

Aka kira Ainagul, ta shigo da gari a hannu. Ko kallon kanta a hoton ba ta yi ba. Ta nuna can gefe, inda Gulsara ta haskaka duhu: wata mata ce riƙe da ludayi a bakin tukunyar shinkafa, ta washe baki.

"Inna!" Ainagul ta dafe ƙirji. "Yaya Gulsara, Inna ce! A hoton da ke gidana wurin nan baƙi ƙirin yake. Ashe tana ciki!"

Tana hawaye tana dariya, ta ruga ta kwaso gurasa mai zafi, ta kira 'ya'yanta su ga kakarsu da ba su tarar ba.

Labari ya bazu. Yanzu duk Asabar ɗakina cike yake, kowa na neman hoton aurensa. Har ma'auratan da suka rabu suna zuwa, sai dai Gulsara tana sa musu rana daban-daban.