Tukunyar da Na Ɗaura wa Motata

Shekarar da aka cire tallafin mai, a ita na fara yi wa mota magana kamar mutum. Ba taɓin hankali ba ne. Matata ta riga ta rasu, 'yata tana aure a Damaturu, namijin yana Kano yana buga-bugarsa, gida ya koma daga ni sai butar alwala. In na idar da sallar asuba ba na ko zama, sai in fito in buɗe gaban mota, in duba ruwa da baƙin mai, in ce mata, "To tsohuwa, yau ma mu je mu nemo." Wagon ce, tun ta zamanin da ake ƙera mota da ƙarfe na gaske, kuma hanyarmu ɗaya, Nguru zuwa Gashuwa, Gashuwa zuwa Nguru.

Mutum ɗaya ya rage mini wanda nake hira da shi har in manta da kaina, wani dattijo Babarbare mai fataucin bandar kifi. Ni Bafulatani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun a hannun mahaifina, kuma kowa ya san tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni. Duk ranar kasuwar Gashuwa kujerar gaba tasa ce, ba mai zama a kai ko da ya makara. Tun daga bakin tasha zai ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa? Fulata, zo ka ɗauki kayan ubangidanka!" Ni kuma in ce, "Wa ya kwance ka da safen nan? Je ka wanke hannu kafin ka taɓa mini ƙofa, ƙarni kake yi." Haka za mu yi ta yi har mu wuce Jajimaji, fasinjan baya suna dariya har da riƙe ciki. Kuɗin mota kuwa sai an yi rigima. Ya ce a ina aka taɓa jin ubangida ya biya bawansa, in ce to sauka ka taka da ƙafa, sannan ya cusa mini a aljihu, ya ɗora tarwaɗa guda a takarda.

Ban san sunan 'ya'yansa ba, shi ma bai san ƙofar gidana ba. Da matata ta rasu, a tasha ya yi mini ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo. Mako na zagayowa ya dube ni ya ce in daina ɓata rai, kaɗaici ba ya kashe Bafulatani, ai da ma ɗan daji ne. Wallahi ranar na fara dariya tun bayan rasuwar.

To sai mai ya tashi. Tsohuwar mota kuwa shan mai gare ta kamar an huda tankin. In na je na dawo, abin da zai rage mini bai wuce na shayi da burodi ba. Wasu abokan sana'ata suka jingine nasu, wasu suka sayar wa 'yan gwangwan aka yayyanka. Ni dai na san in na ajiye motar nan zaman gida ne zai kashe ni, ba yunwa ba.

Akwai wani bakanike a bayan tashar jirgin ƙasa da ya koyo aiki a Kano, shi ya ce in kawo ta ya mai da ita mai amfani da gas, gas ɗin girki dai da mata ke dafa abinci da shi. Na ce, "Kai yaro, motar tawa ce ta zama murhu?" Ya ce, "Baba, irin taka ma ta fi sauƙin aiki, kafireto gare ta, ba ruwanta da kwamfuta." Na yi kwanaki ina juya maganar, mai kuma yana ƙara tashi, sai na kai ta.

A gabana aka yi komai, don ban yarda in bar ta ba. Ya kwantar da wata doguwar tukunya a cikin but, ya huda ƙarfen ƙasa ya ɗaure ta da ɗamara biyu. Lokacin da na ji ƙarar hudawar nan sai da na kau da kai. Ya ja siririn bututun tagulla ta ƙarƙashin mota, nesa da salansa mai fitar da hayaƙi, har gaba. Can ya kafa wata na'ura mai faɗin faranti wadda ke rage wa gas ƙarfi, ya jona mata tiyon ruwan zafi daga lagireto, wai in ba haka ba sanyi zai daskarar da ita. Ya sa zobe a bakin kafireto inda gas zai haɗu da iska, ya canza fulogi, ya ɗan taɓa taimin. Sannan ya maƙala maɓalli kusa da sitiyari: in tayar da fetur, in inji ya yi zafi in juya zuwa gas. Da ya gama sai ya kaɗa ruwan omo a roba, ya bi kowace mahaɗa yana shafawa, muna kallo ko kumfa zai taso. Ko ɗaya bai taso ba.

Da na juya maɓallin nan a kan titi, sai tsohuwa ta ɗan yi tari, sannan ta lafa. Ba hayaƙi, ba karkarwar nan da na saba da ita. Ƙarfinta ya ɗan ragu, amma wane tudu ne tsakanin Nguru da Gashuwa? A wurin sayar da gas na bi layin matan da ke cika ƙananan tukwanensu, suna ta yi mini tsiya wai me zan dafa. Ban damu ba. Duk tunanina ranar kasuwa ta zo in ji abin da Babarbaren nan zai ce, har na tanadi amsoshi.

Ranar ta zo. Ya shigo tasha mai kura na biye da shi, yana kiran bawansa kamar kullum. Na ce, "Zo ka ga abin da hankalin Fulani ya yi, ku kuna can kuna wankin kifi." Na buɗe but da kaina.

Ya dubi tukunyar. Ya ja da baya, ya sake ja, har ya yi karo da kurar, sannan ya ce da mai kura a hankali, "Juya da kayan."

Ni fa na ɗauka sabon wasa ne. Me zan ɗauka? Shekara da shekaru ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba, sai ranar ta'aziyya. Sai na ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji: "Jama'a ku zo ku ga Babarbare na tsoron tukunyar girki! Kai bawa, dawo, ba za ta tashi da kai ba, wa zai yi asarar gas a kanka?" 'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Har na buga tukunyar da tafin hannu, na ce "Bum!" Na tsaya ina jiran ramuwa, don bai taɓa barina da ta ƙarshe ba. Ya dube ni kawai, ya juya ya bi kurarsa zuwa wata mota.

Haushi ya kama ni, na ce can ta matse masa. Na yi lodi na tafi. Amma tafiyar ranar ta yi mini tsawo. Wani saurayi ne a kujerar gaba, kansa a cikin waya har muka isa, ni kuma ina kallon goruba da ciyawar kacalla suna wucewa.

Makonni suka wuce bai dawo ba. Wata 'yar Bade mai sayar da kifi, wadda ta daɗe tana shiga motata, ita ta tare ni a Gashuwa ina sauke mata kaya. Ta ce, "Baba direba, ashe ba ka sani ba? Babban ɗansa fa a shekarun rikicin nan ya rasu, a wata kasuwa can kudu da mu, ya kai kifi. Da irin wannan tukunyar aka haɗa bam ɗin da ya tashi a kasuwar. Shi ya je da kansa ya ɗauko abin da aka samu." Na san ya taɓa rasa ɗa, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na zauna a bakin but ɗin, ina jin muryata tana cewa "Bum" a tsakiyar tasha.

Washegari na koma wurin bakanike na ce ya cire tukunyar. Ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau fa." Na ce, "Na tambaye ka? Cire!" Ya toshe bututun, ya sauke ta a gefen rumfarsa. Na sayi fetur da tsadarsa, ranar kasuwa na bar but a buɗe wayam, na tsaya a bakin tasha.

Da ya shigo na tare shi, na ce, "Na cire ta. Wallahi ban sani ba, ka yafe mini."

Ya leƙa but ɗin, ya ga hudojin da ɗamarar ta bari. Ya ce, "Ba komai, Malam, ai ba ka sani ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Malam. Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba.

Ya sa aka zuba kwalayensa. Na buɗe masa ƙofar gaba, ya shiga ya yi bisimilla. Muka kama hanya. Na ce ko zai tanka, sai na yi ƙarfin hali wajen Jajimaji na ce, "Yau bawa ya yi shiru." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Girma ne, Malam." Ya tambaye ni lafiyar yara, ya tambayi ruwan bana, na amsa. Ni kuwa duk jikina so yake ya zage ni, ya ce da ni ɓarawon shanu, ya ce komai ma. Muna isa Gashuwa ya ciro kuɗin mota cif ya miƙo mini da hannu biyu, ya yi godiya, ya bi kayansa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, ko ranar da na dawo daga maƙabarta.

Na ci gaba da shan fetur na ɗan lokaci ko zai sauko. Ya shiga sau ɗaya ko biyu, da ladabinsa, sannan ya koma ɗaya motar da ya fara sabawa da ita. Aljihuna kuma ya gaza, na koma aka mayar mini da tukunyar, aka sake shafa ruwan omo. Har yau da ita nake aiki, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Muna haɗuwa a tasha duk ranar kasuwa. Yakan tsaya nesa da bayan motata ya ɗaga hannu ya ce, "Malam direba, an tashi lafiya?" In ce lafiya lau, in shiga in tayar da inji. Kujerar gaba yanzu duk wanda ya riga zuwa shi ke zama.