Lambar Baba Inji

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana yankan ciyawa a filin golf da ke bayan gari. A can ake kiransa Baba Inji, saboda injin yankan ciyawar da yake tuƙawa, kuma sunan ya biyo shi har gida. Kullum kafin rana ta fito yana kan fili. Sai ya zaga ramuka goma sha takwas, ya aske ciyawar bakin kowanne har ta kwanta kamar darduma, ya huda sabon rami da ƙarfensa, ya toshe na jiya, ya kafa tuta. Idan mambobin kulob suka iso da motocinsu, shi ya riga ya wanke hannu yana shan shayi a rumfar ma'aikata.

Ba a yarda ma'aikata su buga wasan ba. Amma ran Litinin ana rufe filin don gyara, to idan aiki ya ƙare da wuri, Yaya yakan ɗauko wasu tsofaffin sanduna biyar da mambobi suka yar, ya buga ramuka uku ko huɗu shi kaɗai. Bai taɓa ƙirga bugunsa ba.

Ni direban tasi ne, shekara tara ce tsakaninmu. Ranar da aka sallame shi ni na je ɗauko shi. Kulob ɗin ya ba wani kamfani aikin filin, kamfanin ya zo da injunansa da mutanensa. Aka kira Yaya ofis, aka yi masa jawabi, aka ɗauki hoto, aka miƙa masa takarda cewa daga ranar ya zama mamba har ƙarshen rayuwarsa. Ya shigo mota da takardar a hannu ɗaya, takalmin robarsa a ɗaya hannun.

Na ce, “Yaya, yaya aka yi?”

Ya ce, “An gama.”

Na tada mota muka nufi gida.

Mako shida ya yi a kujerar falo. Bai yi fushi ba, bai yi ƙorafi ba. Yana tashi da asuba kamar da, ya sa kaya, ya ɗaura agogo, sai ya zauna. Rediyo na magana, shi yana kallon bango. Idan aka kawo abinci ya ci, idan an manta ba ya tambaya. Matarsa ce ta kira ni a waya.

Ta ce, “Kai mijina ƙarami, zo ka kwashe yayanka. Na gaji da share kewayen ƙafarsa. Ko fitila ce aka ajiye a wuri ɗaya haka, ai a kan kunna ta.”

Na zo da safe. Ta riga ta goge sandunan nan biyar ta zuba su a wata tsohuwar jaka. Yaya ya kalli jakar, ya kalle ta, ya tashi ya bi ni kamar wanda za a kai asibiti.

Da muka isa, ya nufi ƙaramar ƙofar ma'aikata. Mai gadi ya tare shi da dariya, ya ce, “Baba, yanzu ta gaba ce taka.” Ya juya ya bi ta gaba. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa taka falon kulob ɗin da takalmi mai tsabta ba.

Sakatariyar kulob mace ce mai haƙuri, ta san shi tun tana sabuwar ɗauka. Ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla. Zama mamba daban, samun handikaf daban. Handikaf lamba ce da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, yawan bugun da ake rage masa don mai rauni da gwani su iya karawa. Gwani lambarsa ƙarama ce. Ba lamba, ba shiga gasa. Kafin a ba shi, sai ya kawo kati uku, kowanne na ramuka sha takwas, kuma kowane kati sai wani mamba mai lamba ya zaga da shi, ya ƙirga bugunsa, ya sa hannu.

Yaya ya ce, “Wa zai sa hannun?”

Ta ce, “Haba Baba, kowa ya san ka a nan.”

Gaskiya ta faɗa, kowa ya san shi. Ya zauna a baranda da jakarsa, mambobi na wucewa suna ɗaga masa hannu. Wani ya ce, “Baba Inji! Tun da ka tafi rami na bakwai ya lalace.” Wani ya dafa kafaɗarsa ya tambayi iyali. Amma idan ya ce ko akwai wuri, sai a ce yau sun cika, don mutum huɗu-huɗu ake zagawa, gobe in Allah ya yarda. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Wasu ma sukan aiko masa da lemo. Mako biyu ina sauke shi da safe, ina ɗauko shi da azahar, katin nan fari fat a aljihun rigarsa. Ban taɓa jin ya ce abin ya dame shi ba. Ina jin kujera kawai ya canza.

Wanda ya fid da shi daga barandar wani tsohon likitan haƙori ne. Shekararsa ta haura saba'in, hannunsa na rawa, kuma yana da jinkiri har mutane suna gudun zagawa da shi. Ya tsaya kan Yaya ya ce, “Ni ba mai so na, kai ba mai son ka. Tashi mu je.”

Suka zaga ran Talata, da Alhamis, da Talatar sama. Likita na surutu tun daga rami na ɗaya har na ƙarshe, labarin haƙoran manyan mutane da ya cire da yadda suke kuka kamar yara. Yaya na bugawa yana tafiya. Daga baya Likita ya faɗa mini cewa bai taɓa ganin irin Yaya ba. Ba ya gwaji, ba ya durƙusawa ya leƙa gangaren ƙasa kamar sauran. Yana zuwa zai taɓa ƙwallon, sai ƙwallon ya yi kwana ya faɗa rami. A wasan nan ƙarancin bugu shi ne gwaninta. Kati na farko bugu tamanin da huɗu, na biyu tamanin da ɗaya, na uku tamanin da uku.

Sakatariya ta shigar da su kwamfuta, lamba ta fito takwas. Aka liƙa sabon jerin sunaye a allon sanarwa, sunan Yaya na biyar daga sama, a kulob mai mutum fiye da ɗari biyu. Ni na fi shi murna. Na tsaya gaban allon ina nunawa da yatsa, ina cewa, “Yaya, ka gani? Ka wuce masu banki, ka wuce lauyoyi!”

Ya kalli takardar kamar jadawalin aiki. Ya ce, “Sun bar ciyawar rami na sha ɗaya ta yi tsawo.”

Wata biyu bayan haka ya shiga gasar ƙarshen wata, ya zo na ɗaya. Aka ba shi ƙaramin kofi. Ya kawo gida ya ɗora kan firji, matarsa ta mayar da shi wurin ajiye maɓallai da allura.

Nan magana ta tashi. Wasu suka ce mutumin da ya haƙa ramukan nan da hannunsa shekara talatin bai kamata ya kara da su ba. Wasu suka ce idon Likita ba ya gani sosai, wa ya san abin da ya ƙirga. Aka kira Yaya gaban kwamitin handikaf. Ya ce in raka shi, na zauna a kujerar bakin ƙofa. Shugaban kwamitin lauya ne, Barista suke ce masa, mutum mai taushin murya. Ya yi ta zagaye, ya ce ba wanda yake zargin kowa, ya ce kulob na alfahari da Baba, sannan ya ce don a rufe bakin mutane, zai so Baba ya sake kawo kati ɗaya, shi da kansa zai ƙirga.

Raina ya ɓaci. Na so in yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce, “Ƙarfe nawa, ranka ya daɗe?”

Suka zaga ran Asabar. A rami na sha huɗu ƙwallon Yaya ya tsaya gefen hanya, da wata muguwar ciyawa mai faɗin ganye a gabansa. Irin ciyawar da ya yi rabin rayuwarsa yana yaƙi da ita ce. Kafin ya ankara ya sunkuya ya tuge ta har saiwa, ya sa a aljihu. Barista na can nesa yana amsa waya. Da suka gama ramin, Barista ya ce, “Huɗu ko?”

Yaya ya ce, “Shida. Na cire ciyawa a gaban ƙwallo, a doka tarar bugu biyu ce.” Ya zaro ta daga aljihu ya nuna masa.

Barista ya rubuta shida. Duk da haka katin ya tashi tamanin cif. Ya sa hannu, ya kai wa sakatariya da kansa, kuma a taron kwamiti na gaba ya ce kada wanda ya ƙara kawo masa wannan zancen. An ce har labarin ciyawar ya bayar. Da na gaya wa Yaya, sai ya ce ba don a ji ya yi ba, hannunsa ne ya riga shi.

Lamba ba a samun ta a ajiye. Kowane zagaye sai an kai kati, kwamfuta ta duba na baya-bayan nan guda ashirin, ta zaɓi mafi kyau takwas, ta sake lissafi. Yaya ya ɗauki abin kamar aiki. Talata da Alhamis, ƙarfe bakwai, shi da Likita. Yanzu akwai masu neman zagawa da shi, yakan yarda idan sun tambaya, amma ba ya nema. Bai taɓa zama a ɗakin cin abincin mambobi ba. Rumfar ma'aikata kuma kamfani ya rushe ta ya kafa kwantena, mutanen ciki ba su san shi ba. Idan ya gama sai ya miƙa kati, ya fito bakin titi ya jira ni a tsaye.

A shekara ta uku Likita ya sami shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa garin da take aure. Na kai Yaya ya yi masa sallama. Likita na kwance, bakinsa ya karkace, yana ƙoƙarin faɗin wani abu da ba ya fita. Yaya ya zauna minti ashirin yana riƙe da hannunsa mai lafiya. A mota na zaci zai yi magana. Sai ya ce in rage sanyin motar, gwiwarsa na ciwo.

Gwiwar ce ta fara cin lambar. Takwas ta zama goma, goma ta zama sha uku, sha uku ta zama sha shida. Sunansa ya riƙa gangarowa a allon sanarwa, layi bayan layi, har ya koma shafi na biyu. Akwai mambobin da idan lambarsu ta hau ɗaya sai sun yi mako suna ƙunci, wasu kuma sukan ɓoye mugun kati su ƙi kaiwa. Yaya kowanne yake kaiwa. Sakatariya ta taɓa ce masa, “Baba, wannan na yau da ruwan sama ne fa.” Ya ce, “Ai na buga shi.”

Matarsa takan tambaye ni, “Wai yana jin daɗin abin nan kuwa?” Sai in ce ban sani ba. Ta ce a gida ba ya zancen wasan sam. Yana dawowa zai wanke sandunan a bakin famfo ɗaya bayan ɗaya, ya shanya, ya yi wanka, ya kwanta. Ta ce, “To, da dai zaman falo, gara hakan.”

Bara aka yi masa aiki a gwiwa. Wata biyar bai taka filin ba. Sai ga wayar sakatariya, ta ce dokar kulob ce, wanda bai kawo isassun kati a shekara ba, za a dakatar da lambarsa daga shiga gasa. Ta ce za ta iya kai takardar asibiti ga kwamiti su ɗaga masa ƙafa. Yaya ya ce ba sai an wahalar da kowa ba, zai zo.

Na kai shi ran Alhamis. Ya zaga da wani malamin makaranta mai ritaya, yana jan ƙafa, yana dogara sandar wasan tsakanin bugu da bugu. Awa biyar da rabi suka yi. Ni na ajiye mota a inuwa, fasinja biyu suka kira na ce ina nesa. Ya fito rigarsa sharkaf da gumi. Ɗari da uku ya buga. Ya sa hannu ƙarƙashin na malamin, ya miƙa, ya tsaya har sakatariya ta shigar. Ta ce lambarsa ta koma sha bakwai. Ya ce to, ya gode.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce, “Yaya, don Allah, me kake samu a ciki? Ka ci kofi ba ka yi dariya ba, ka faɗo ba ka damu ba. Ga ƙafa tana ciwo.”

Muka tsaya a danja, wata babbar mota ta sha gabanmu.

Ya ce, “Ban sani ba. Idan na buga, ƙwallon yana tafiya, sai in bi shi.”

Danja ta saki. Ya gyara zaman ƙafarsa da hannu biyu, ya ce in tsaya a kantin magani, na shafawar ya ƙare.