Ba a Barin Ilimi a Ƙasa

Jiya ina share mota na ci karo da littafin a ƙarƙashin kujera, da tabon shayi a bangonsa. Na koyon foka ne, cacar karta irin ta Amurkawa. Ina sabon shiga tuƙin tasi na saye shi, na naɗe da takardar kanti don kada a gane.

A filin da direbobi ke jiran fasinja kusa da filin jirgin sama na Dulles nake karanta shi. Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi da muke ce wa Baba, kullum yana tafe da shayi mai ƙamshin citta. Bai yi boko ba, amma in ya gan ni da littafi sai ya ce, "Ku rage murya, karatu yake."

Wata rana bayan la'asar littafin ya suɓuce min. Baba ya sunkuya duk da ciwon gwiwarsa, ya ɗauka ya kaɗe.

"Ba a barin ilimi a ƙasa," in ji shi. Sai shafi ya buɗe, ga hotunan karta, ja da baƙi.

Na ce, "Lissafi ne, Baba."

Ya miƙo min da hannu biyu. "Allah ya sa mai amfani ne. Amma ɗana, in za ka yi ƙarya kunnenka kake sosawa. Littafin bai gaya maka ba?"

Littafin ya koya min lissafin karta, amma wannan babu shi a ciki. Abin da ya fi ci min rai, washegari ma sai da Baba ya ce a rage murya.

Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa min.