Sabo Sagga da Wasan Ayari

A Ka'akiyya, can gefen Makka inda gidajen laka da na langa-langa suka fi yawa, babu wanda bai san Sabo Sagga ba. Sagga shi ne sunan da mutanen Makka ke kiran mai ɗaukar ruwa, kuma sana'arsa ke nan tun yana saurayi: sanda a kafaɗa, garwa biyu suna reto, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa gidajen mutane. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta har ta fi ta hagu tudu. Muryarsa kuwa siririya ce mai kaifi, wadda in ka ji ta kafin ka gan shi sai ka ɗauka wani dogo ne ke tafe.

Mahaifinsa mutumin Kazaure ne. Ya bar gida da ƙafa shi da matarsa Shatu da niyyar aikin hajji, aka haifi Sabo a hanya, kusa da Fashir. Shekara goma sha ɗaya suka yi suna tafe suna yada zango, su yi noma a nan, su tsinci auduga a can, har suka kai Sawakin a bakin teku. A nan Shatu ta kwanta ciwo suna jiran jirgin ruwa, ta rasu ana saura kwana biyu a tashi. Sabo da mahaifinsa suka ƙetare su biyu.

Wasan da ya sa aka san shi, a layin bazan ya samo asali, wajen shekarar 1937. Ruwa kan yi ƙaranci, masu ɗauka su jeru suna jira har rana ta take. Wata rana Sabo ya soma rera sunayen garuruwan da suka ratsa, ɗaya bayan ɗaya, don ya rage wa kansa zaman jira. Abokan sana'arsa, waɗanda yawancinsu ta hanyar nan suka zo, suka riƙa amsawa. Dawuda, wani Bazazzagi mai barkwanci da ke bayansa a layi, ya ce, "Kai Sabo, wannan ai ta wuce waƙar zaune. Bari in zama mai jirgin nan na Sawakin, ka ga yadda yake yi wa mutane tsawa." Ya ajiye garwarsa ya shiga kwaikwayo, layi duka ya kece da dariya.

Daga nan abin ya girma. Suka zama su shida, kowa da wanda yake kwaikwayo: madugu, mai gonar auduga, mai jirgi, sai wani tsoho da ke mutuwa a bakin teku. Tsohon nan mahaifiyar Sabo ce ya mayar namiji, don babu wanda zai tsaya a matsayinta a cikinsu. Awwalu, wani siririn mutum mai sanyin murya, shi ke yin tsohon. A lokacin ba a son kiɗa a gari, saboda haka babu ganga babu kalangu, sai murya da tafi da buga ƙafa. Suka sa masa suna Wasan Ayari. Sabo ne ke bayarwa:

"Mun bar gero tsaye a gona,
Mun ce maƙwabta su girbe,
Gabas muka dosa, ba mu san nisanta ba."

Sauran su amsa, "Ayari tashi, rana ta yi."

A bikin Dawuda suka fara yin sa a gaban jama'a, bayan la'asar. Shekara huɗu ana kiran su duk inda Hausawa ke da biki ko suna. Sai yaƙin duniya ya zo, alhazai suka ragu, abinci ya yi wuya, biki ya zama ɗaurin aure kawai a watse. A cikin shekarun nan zazzaɓi ya ɗauke Awwalu. Sabo ya ce ba zai ƙara yin wasan ba, kuma ya cika maganarsa shekara goma sha uku.

A 1954 ne Hashimu ya zo masa. Hashimu malamin makaranta ne, haifaffen Makka, ɗan kimanin shekara talatin, wanda Larabci ya fi zama masa a baki fiye da Hausa. Ya same shi a ƙofar gida yana ɗaure bakin garwa da waya, ya gaishe shi ya zauna.

"Baba Sabo, umda, wato mai unguwa, da 'yan kasuwa za su yi taro rana ta uku ga ƙaramar Sallah. Kowace jama'a za ta kawo abin da take da shi. Hadramawa za su kawo, Jawa za su kawo. Mu fa?"

"Ku kai musu ƙasida, ai kun iya Larabci."

"Ƙasida kowa yana da ita. Ni na ga Wasan Ayari sau ɗaya a bikin yayana, har yau ban manta ba. Ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne, amma in ka tambaye su ta ina kakanninsu suka zo, sai su ce daga Jidda."

Sabo ya ce, "Wanda ke yin tsohon ya rasu."

Matarsa Ramlatu tana daga ciki tana jin su. Ta ɗaga murya ta ce wa mijinta, "Malam, ka dubi gemunka a madubi. Tsohon da kake nema ai yana zaune a ƙofar gidan nan."

Hashimu ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Washegari aka ga Sabo ya nufi gidan Dawuda.

Cikin shida na farko, huɗu suka rage. Suka nemo mutum biyu a cikin masu ɗaukar ruwa, suka yi watan azumi suna maimaitawa bayan la'asar, da ƙishirwa da komai. Wasu baitocin sun ɓace wa Sabo, sai Ramlatu ta tuna masa, don ta haddace su tun tana amarya. Dawuda ya yi ƙiba, numfashinsa ba ya kai ƙarshen tsawar mai jirgi, sai ya mayar da hakin ma abin dariya.

Ranar taron aka shimfiɗa tabarmi a wani babban fili mai katanga, aka jera katako a kan durom ya zama dandamali, aka ja labule a gefe ɗaya saboda mata. An shirya cewa kwamitin mutum uku zai fitar da sunaye uku, a zaɓi ɗaya a ba shi agogon hannu da alkyabba, sauran biyu a ba su takardar yabo. Jama'a biyar suka kawo abinsu. Su Sabo ne na huɗu.

Da suka hau da tsofaffin riguna da sanduna da goruna a rataye, wasu samari a baya suka fara ƙus-ƙus suna cewa ga masu ruwa sun ɓata hanya. Sabo ya ɗaga murya ya ba da baitin farko. Kafin 'yan wasan su amsa, sai amshin ya taso daga cikin jama'a, daga bakin tsofaffin da suka san shi tun da, maza da mata: "Ayari tashi, rana ta yi." Samarin suka shiga waige-waige, don iyayensu ne ke rerawa.

Ana cikin jera garuruwa sai wata tsohuwa ta yi magana daga bayan labule, da ƙarfi: "Ku tsaya! Kun tsallake Abashe! Shekara biyu na yi a can, ba za a wuce ta haka ba!" Fili ya ɗauki dariya. Sabo ya juya wajen labulen ya ce, "Gaskiyarki, Inna, a yi mana afuwa," ya koma baya ya sa Abashe a wurinta, aka yi tafi.

Dawuda ya fito da rawani karkatacce yana tsawa da Larabcin Sawakin, yana ƙirga fasinja da sanda yana haki. Nan ma waɗanda ba su jin Hausa suka samu abin kamawa, Jawa da Hadramawa har suna riƙe ciki. Sannan aka zo bakin teku. Sabo ya zauna a kan katako, ya jingina da sandarsa, ya rage murya:

"Ga teku, ga jirgi, ga ni,
Ƙafa ta kawo, numfashi bai kai ba.
Ku gaida mini Ɗakin Allah,
Ku ce na zo har bakin ruwa."

Babu wanda ya yi tari. Daga bayan labule aka ji shessheka, sannan ta yaɗu. Wani mai gidan burodi, mutumin Bukhara, wanda ko kalma ɗaya bai fahimta ba, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka suka riƙa taɓa na kusa da su suna tambaya da Larabci, "Me ya ce? Me ya ce?" Da ayarin ya iso Makka a ƙarshe aka yi kabbara, mutane suka miƙe tsaye, abin da ba su yi wa kowa ba a ranar.

Ba kowa ne ya yaba duka ba. Wani dattijo ya ce a gaban mutane muryar Awwalu ta fi dacewa da tsohon, Sabo ya ce shi ma haka ya gani. Wani kuma ya ce an daɗe a gonar auduga.

Bayan jama'a ta biyar ta gama, magatakardan kwamiti ya tashi da takarda. Ya karanta sunan Salim, Bahadrame mai ƙasida. Ya karanta na wani malami da ya yi jawabi a kan tarbiyya. Ya karanta na shugaban mawaƙan Jawa. Ya naɗe takardar.

Gunaguni ya tashi a fili. Dawuda ya miƙe, rawanin mai jirgi na kansa har yanzu, ya ce, "Ya shaikh, ko takardar tana da baya ne? Juya ta mu gani."

Magatakarda ya ce, cikin ladabi, "Wallahi kun burge mu. Amma gida uku aka ba mu: ƙasida, jawabi, da waƙa. Naku ba ƙasida ba ne, ba jawabi ba ne, kuma ya wuce waƙa. Ba mu san inda za mu sa shi ba. Sannan a cikinmu babu mai jin yarenku."

"To ku tambayi idanunku mana!" in ji tsohuwar nan ta Abashe daga bayan labule. Wasu suka fara tashi za su fita. Sabo ya ɗaga hannu ya ce da Hausa, "Jama'a, ranar Sallah ce. Ku zauna a gama." Suka zauna. Aka ba Salim agogo da alkyabba, Sabo ya je ya yi masa mabruk, wato barka, ya riƙe hannunsa.

Amma abin ya yi masa ciwo, kuma bai ɓoye wa Ramlatu ba. Ya ce mata ba agogon ba ne, shi da yake sanin lokaci da inuwar katanga. So ya yi a kira sunan masu ɗaukar ruwa sau ɗaya a gaban manyan gari, a ji shi da Larabci. Kwana uku yana fita aiki ba ya rera komai. Ramlatu ta bar shi, ba ta ba shi haƙuri ba, sai dai ta riƙa gaya masa waɗanda suka zo gida nemansa yana waje: matan unguwar Misfala, wani daga unguwar Shisha da ke son a yi wasan a bikin ƙaninsa, da samari biyu da ke son a rubuta musu baitocin da haruffan Larabci.

A rana ta huɗu Salim ya zo da kansa, Hashimu na biye da shi don ya yi tafinta. Ya zauna a tabarma ya ce yana son a fassara masa abin da tsohon ya faɗa a bakin teku. Hashimu ya fassara masa layi-layi. Salim ya ce shi ma mahaifinsa a cikin jirgi ya rasu tsakanin garinsu Mukalla da Jidda, aka sa shi a ruwa. Ya roƙi Sabo ya koya masa karin. Suka zauna har kusan magariba, Bahadrame yana lanƙwasa harshe yana cewa "bakin ruwa", Dawuda da ya leƙo yana gyara masa.

An ce kwamitin ya yi niyyar ƙara gida na huɗu a shekara mai zuwa, amma aka canza umda, taron bai sake yiwuwa ba. Sabo bai taɓa samun takardar yabo ba. Wasan dai ya ci gaba. A shekara biyar da suka biyo baya an yi shi a Shisha da Misfala da Jarwal, kuma samarin da suka karɓi baitocin a rubuce su suka gaji matsayin madugu da mai gonar auduga, da Hausarsu mai ɗanɗanon Larabci.

Wajen 1958 gwiwa ta hana Sabo hawa bene da ruwa, sai abokan sana'a suka ba shi kula da layi a bazan, yana zaune a kan kujerar igiya yana raba gardama. A nan wani alhaji ɗan Kano, wanda ya zo ta jirgin sama, ya same shi bayan ya ga wasan a gidan masaukinsa. Ya ce, "Malam Sabo, wasanka ya yi kyau, amma ya tsufa. Ya kamata ka sa jirgin sama a ciki."

Sabo ya tambaye shi, "Kwana nawa kuka yi a hanya?"

"Wane kwana? Da safe muka tashi, kafin rana ta faɗi muna Jidda."

"To Alhaji, me zan rera? Kun zauna, kun iso?"

Masu jiran ruwa suka yi dariya, alhajin ma ya yi. Amma a bikin da ya biyo baya sai ga Dawuda ya fito da hannuwa a buɗe yana ruri kamar inji, wani a bayansa ya ƙanƙame kujera yana salati, Sabo kuma ya ba su baiti biyu daga inda yake zaune.