Jaririyar da Mahaifiyata Ta Shayar

Shekarun baya, bayan rasuwar iyayenmu, na ɗora wa kaina aikin da babu wanda ya sa ni: haɗa tarihin zuri'armu. Ni ga ɗan boko, ina bin tsofaffi gida-gida da waya ina naɗar muryarsu.

A wajen goggona, ƙanwar mahaifina da ke Malam Madori, na ji abin da ban taɓa ji ba. Wai mahaifina ya taɓa sakin mahaifiyata, ta koma ƙauyensu can wajen Baturiya da goyo, daga baya ya mayar da ita. Goggo tana tsintar shinkafa ta ƙara da cewa a wannan zaman ne ma mahaifiyata ta shayar da jaririyar wani masunci maƙwabcinsu, saboda uwar ta kwanta da ciwon nono.

Masuncin nan surukina ne, shi da matarsa duk sun rasu. 'Ya'yansa mata biyu: babbar sa'ata ce, ƙaramar kuwa, wadda nake aure, sa'ar ƙanwata. In ni ne a bayan mahaifiyata lokacin, to babbar aka shayar, babu abin da ya taɓa aurena. In ƙanwata ce, to matar da ta haifa min 'ya'ya uku ƙanwata ce ta shayarwa, aure ya warware. Na tambayi goggo wa aka goya, ta ce ita labari ta ji, ba ta gani da idonta ba.

Na ce shekarar sakin za ta raba gardama. Na je tsohuwar kotun alƙali a Haɗejiya, magatakarda ya yi min kirki ya buɗe ɗakin ajiya. Littattafan wancan zamani ruwan ambaliya ya taɓa cinye su, shafukan sun manne kamar tubali. Na sa farce zan ɓamɓare ɗaya, ya marmashe a hannuna.

Na dawo gida na ƙirƙiro zazzaɓi, na ƙaurace wa ɗakin matata. Ta kawo min abinci in kasa ɗaga ido in dube ta. Tsoro nake ji. Na sha yi wa kaina huɗuba in yi shiru, tunda babu wanda ya sani. Amma ni na sani.

Ƙarshe na hau kwale-kwale, kogi ya cika ya shafe hanya, na nufi ƙauyen wajen yayar matata. Na same ta tana bandar kifi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga lafiyar yara zuwa ɓarnar ruwa, har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa mata.

Ta dube ni ta ce, "Ni ce. Tare da kai muka sha. Kana tsammanin Baba ido rufe ya ba ka ƙanwata? Sai da ya kai maganar gaban liman kafin ya karɓi gaisuwarku." Ta juya kifinta ta ce, "Ranar da Innarku ta rasu, wa ya yi mata wanka?"

Ita ce. Ni duk tsawon shekarun nan na ɗauka zumuncin surukai ne. Na zauna daɓas a kan itacen banda.

Tarihin nan ban ƙarasa shi ba, sai dai a cikin 'ya'yan mahaifiyata na ƙara mutum ɗaya. Na kuma gane cewa shirun tsofaffi ba kullum ɓoyo ba ne, wani abin sun riga sun warware shi tun muna rarrafe.

Da na koma gida na ba matata labari ina dariyar kaina. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Da an ce ni ce fa?"

Har yau ban ba ta amsa ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.